Hoton Kan Yayana

Ni aka kama aka kai lakwal, makarantar boko, yayana aka bar wa gona da shanu. A babban farin nan na zamanin sojan farko, shanun suka ƙare ɗaya bayan ɗaya, ya tafi ci-rani Najeriya. Kafin ya dawo ƙyanda ta shigo garinmu, kusa da Kanambakashe, ta ɗauke ɗiyarsa, matarsa ta bi ta. Ya ajiye buhun garin rogon da ya taho da shi a ƙofar ɗaki, ya zauna. Daga ranar bai sake magana ba.

Daga baya ya soma yaga tufafi yana shiga daji. Mun yi rubutu, mun yi turare, har ƴan bori sun gwada. Da ya kusa faɗawa rijiya sai aka kira maƙeri ya sa masa mari a ƙafa. Fiye da shekara ashirin Inna, mahaifiyarmu, ita ke ba shi fura a baki.

Ina da aboki da muka zauna benci ɗaya a lakwal. Ni na tsaya a koyarwa a Baudeta, shi ya wuce Faransa ya zama mai binciken ƙwaƙwalwa. A wata shekarar fari kuma, soja sun sake karɓar mulki, sai ga shi a mota kat-kat da Turawa biyu. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida Inna. Ya ce a Yamai akwai injin da ke ɗaukar hoton cikin kai, suna so su ga abin da yunwa da baƙin ciki ke yi wa mutum.

Inna ta ce, "Ɗana, zai warke?"

Ya ce, "Inna, sai an ga ciwo ake sanin magani."

Ni na sa hannu a takardar, don ni ke jin Faransanci. Na karanta ta har ƙasa, babu inda aka yi alkawarin magani. Ban gaya wa Inna ba.

A hanya duk shingen soja da muka isa, da sun ga takardun Turawan sai su ɗaga mana. Gefen titi kuwa mata ne da ƙwarya suna tonon gidan tururuwa. A Yamai aka yanke marin, wai ƙarfe ba ya shiga injin. Suka yi masa allura, suka tura shi cikin wani farin rami mai ƙara kamar injin niƙa. Bayan nan aka ba shi gado da ƙwayoyi.

Kwana na shida, ina yanke masa farce, ya dube ni ya ce, "An yi ruwa a gida?"

Reza ta faɗi daga hannuna. Na ce, "Ba a yi ba tukuna, Yaya." Ya ce, "Allah shi kawo."

Ƙwayoyin wata ɗaya aka ba mu. A watan nan ya yi wanka da kansa, ya bi sahu a masallaci, ya tambayi inda kabarin ɗiyarsa yake, na kai shi. Da ƙwayoyin suka ƙare na nema a Mayahi, na nema a Tasawa, na je har Maradi, babu. Na kira abokina. Ya yi ta ba ni haƙuri, ya ce aikinsu na bincike ne, kuma an rufe shi, amma zai duba. Yana dubawa har yayana ya koma daji. Da ƙafata na je na kira maƙeri. Yana buga marin, Yaya yana kallona, wannan karon ya san abin da ake yi masa. Damina biyu Yaya ya ƙara a duniya.

Bayan shekaru abokina ya aiko mini da mujallar da aikin ya fito. A waya ya ce masana a ƙasashe da dama suna kafa hujja da shi, ɗalibai na karantawa, ya zama farfesa. Ba na cewa ƙarya yake yi. Wataƙila wani ya warke ta dalilinsa, a inda ƙwayoyi ba sa ƙarewa. Na buɗe shafin da ya yi wa alama: wani abu toka-toka kamar an raba goro, da ɗigon ja, da lamba a ƙasa.

Inna ta ji an ce hoton ɗanta ya zo, ta ce a kawo mata. Ba mu da wani hotonsa. Ta kai shi kusa da ido, ta juya shi sama, ta juya ƙasa.

Ta ce, "Ina fuskar?"

Na ce ba su ɗauka ba. Ta miƙo mini, ta jawo tabarmarta inuwa.