Filin da Muke Bar wa Kawu

A shekarata ta biyu a jami'a a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, duk Lahadi bayan azahar nakan hau benen wani shagon kayan kiɗa a bayan titin Huanshi Lu. Mu uku muke kiɗan jaz a wani ɗan ɗaki: ni a kan fiyano, mai shagon, wadda 'yar Sin ce, a kan ganguna, sai wani dattijo ɗan Damagaram mai busa saksofon, wanda ke yi wa 'yan kasuwa tafinta a kasuwar tufafi ta Shahe. Kawu nake ce masa.

Shi ya koya mini cewa a wannan kiɗan kowa yakan faɗi tasa, sannan ya sassauta ya bar wa ɗan'uwansa fili. In na zarce, sai ya ɗaga gira.

"'Yata, ke kaɗai aka ba baki? Buɗe mini ƙofa in shigo mana."

Da farkon damina ya rasu, bayan kwana biyu a asibiti. Maza suka kai shi makwancinsa, ni kuwa ina ɗakina ina kallon ruwa na bin gilashin taga. Saksofon ɗin aka naɗe cikin kayan wani ɗan kasuwa, aka aika wa iyalinsa.

Bayan mako uku na koma don in gaya wa mai shagon na daina kiɗan. Ta saurare ni, ta nuna mini kujerar fiyano, ta ɗaga yatsa ɗaya. Waƙa ɗaya kawai.

Muka fara. Da muka iso inda Kawu ke shigowa, sai na ɗage hannuna, ita ma ta sassauta sandunanta. Dukanmu mun manta ba ya nan. Muka zauna muna jiransa, ba abin da ake ji sai fanka da motocin titi.

"Mei you," in ji ta a hankali. Wato babu, kalmar da ake faɗa wa mai saye in kaya sun ƙare.

Ta yi mini alama in cike gurbin. Na girgiza kai. Ina ƙirga tsawon rabonsa na kiɗan a zuci, ashe ita ma ƙirgawa take, domin da ya cika, tare muka faɗo cikin waƙar ba wadda ta dubi wata.

Lahadin da ta biyo na sake hawa benen. Har yau muna barin filin. Masu shigowa sayen kaya sukan ɗauka kuskure muka yi.