Sabara a Gonar Babana

Har yau in na tuna murmushin malamin da ya duba aikina na digiri na biyu, sai raina ya ɓaci. Mutum ne mai sanyin murya da tsabtar farce, bai taɓa taka ƙasarmu ta Batsari ba.

Aikina shi ne ƙirga itatuwan da ke tsirowa a gonaki, in kwatanta na kusa da gari da na bakin daji. Kwamfuta ke zaɓar wurin, kamar an jefa ƙuri'a, wai don kada son rai ya shiga. Ni kuma in je in kafa turaku, in zagaye da igiya, in ƙirga abin da ke ciki, in auna kaurinsa. A Safana ban sha wuya ba. Wajen Ruma kuwa sai da 'yan sa-kai suka raka ni, muna awo muna waiwaye.

Ƙuri'a ɗaya ta faɗa gonar babana, wadda ɓarayin daji suka raba mu da ita. Tun da muka gudo cikin gari, kowace bazara sai ya ce bana zai koma ya noma ta, kuma wannan zancen ne ke riƙe da shi. Da ƙyar na gane gonar. Inda muke yankan gero, sabara da kalgo sun fi ni tsawo.

Da na kai wa malamin alƙaluman, ya zuba su a kwamfuta, ya gyara tabarau, sai ga fara'a.

"Madalla! Lissafi ya nuna bambancin nan ba dace ba ne. Rubuta cewa daji yana farfaɗowa inda takurawar ɗan Adam ta ragu."

Na ce, "Malam, ɗan Adam ɗin babana ne. Korarsa aka yi."

"Ba mu auna wannan ba. Kimiyya muke yi, ba jaje ba."

Wallahi na so in kifa masa kwamfutar a ka. Alƙaluman gaskiya ne, da hannuna na ƙirga. Daɗin da ya ji ne na tsana. Na tattara takarduna na fita, ko sallama babu.

A Batsari na tarar da Baba a ƙofar ɗakin da muke haya, yana sa wa hauya sabuwar ƙota. Labari ya riga ya kai masa cewa na shiga gonar. Bai tambaye ni karatu ba.

"Mi ka iske can?"

"Sabara, Baba."

"Hauya na iya ta?"

Na so in ce masa eh. Amma yadda ya kafe ni da ido, ƙarya ba za ta fito ba.

"Sai gatari."

Ya daɗe yana kallon hannayensa da tsufa ya cinye. Sannan ya jingine hauyar da bango.

"To," ya ce, "ba ni za ni sare ta ba."