Dabo Mai Aron Baki

Duk wanda ya taɓa kai ƙara kotu a Birnin Kudu shekara ashirin da suka wuce ya san Malam Dabo, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon mutumin nan siriri da ke zama a gindin darbejiya daura da ƙofar kotu, da ɗan teburinsa mai ɗingishi, yana rubuta wa mutane takarda. Ni ne Hambali tela, taubashinsa. Uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa ina da ikon faɗa, in ya ji haushi ya sha ruwan sanyi.

A Yalwan Damai aka haife mu, gidan shanu. Fulatanci ya ƙare a bakin kakanninmu, shanu suka ƙare a hannun iyayenmu, aka bar mu da dogon hanci da kunya. Ni tun ina koyon ɗinki a bakin kasuwa na yar da tawa kunyar, don ba a cin abinci da ita. Dabo kuwa ya riƙe tasa hannu bibbiyu, ya haɗa da karatun firamare da rubutu mai kyau wanda ko makaho ya shafa zai yaba.

Aikinsa shi ne mutum ya zo ya tsuguna ya zayyana abin da aka yi masa, Dabo ya saurara har ya gama, sannan ya sa biro ya fara da “Ni wane ɗan wane”. Da hantsi shi ne manomin da aka ci wa iyaka, da azahar kuma shi ne maƙwabcin da ake cewa ya ci iyakar. Sau da yawa duk su biyun shi ke rubuta musu, kuma kowace takarda ka karanta sai ka rantse mai ita ne da gaskiya. Na sha ce masa, “Kai dai munafuki ne mai lasisi.” Sai ya yi murmushi ya ce bai taɓa ƙara wa kowa ko kalma ɗaya ba, kowa daga inda yake tsaye yake gani.

Da masu kwamfuta suka buɗe shaguna a bakin titi, aikin ya mutu murus. Wa zai tsuguna gaban tsoho da biro alhali ga inji na fitar da takarda fes? Dabo ya ɗauke teburinsa ya kai gida. Amma hannun da ya shekara talatin yana rubutu ba ya zama haka nan. Ya kwaso ragowar tsofaffin takardunsa, ya yanka kowace gida huɗu, ya fara rubuta labarai a bayansu. Dokarsa ɗaya ce: labari kada ya wuce ɗan yankin nan. In ya wuce, in ji shi, ya zama surutu. Kuma ba ya barin labari a baki ɗaya. Sai ya ɗauki abu guda da ya faru ya sa mutum uku ko huɗu su faɗe shi, kowa da nasa yankin takarda.

Bayan la'asar yakan zo shagona ya zauna a kan benci ya karanta min, ina taka keke. Ni kaɗai ne mai sauraronsa a duk faɗin duniya, kuma ni ma ba don Allah nake ji ba, don ba ni da hanyar gudu ne. Akwai wanda ya yi a kan shanun da suka shiga wata gona wajen Kiyako. Manomi ya ce: “Wata huɗu ina duƙe a kan geron nan. Na zo da safe na tarar da kara a kwance da kashin shanu mai ɗumi. Ban yi kuka ba sai da na ga zangarniya ɗaya da suka bari a tsaye.” Makiyayi ya ce: “Burtalin da kakana ya bi, bana na tarar an shuka shi. Na tsaya ina neman hanya, shanu ba su tsaya ba.” Saniya kuma ta ce: “Gero ne. Na ci.”

Ranar dariya ta sa na karkace ɗinkin wuyan rigar mutane, sai da na farke. Na ce, “Kai Dabo, Allah ya shirye ka, yanzu har bakin saniya ka ara?” Ya ce ai ita kaɗai ce a cikinsu ba ta da lauya.

To, mutumin nan da ya iya shiga bakin kowa, akwai mutum ɗaya da bai taɓa iya yi wa magana da nasa bakin ba. 'Yarsa ce, Mansura.

A gidajenmu ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa magana kai tsaye, ba a nuna wa mutane an damu da shi. Kunya ce, haka muka taso muka gani. Ana yaye Mansura aka kai ta Gwaram wajen kakarta ta wajen uwa, Inna Sabuwa, a can ta girma, a can ta yi aure, a can take koyarwa a wata Islamiyya har yau. Bayanta A'i matar Dabo ta haifi huɗu, babu wanda ya zauna. Da A'i ta ga haka sai ta ajiye kunya gefe ta rungumi 'yarta. Dabo kuwa ko gezau. “Waccan ta Gwaram” yake ce mata. In ta zo gida ya ga ta rame, sai ya tsaya a tsakar gida ya ce wa A'i, “Ki ce wa waccan ta riƙa cin abinci,” ita kuwa tana zaune a tabarma tana jinsa. A'i ta juya ta maimaita, su yi dariya su biyu. Haka aka zauna shekara da shekaru, kuma ba wanda ya ga aibu.

Shekara shida ke nan da A'i ta rasu, cikin damina. Tun daga lokacin Mansura ba ta ƙara taka gidan ba. Da Sallah takan aiko da shinkafa da man gyaɗa a motar haya, direba ya ajiye a ƙofa. Gidan ɗaki uku ne, Dabo ke kwana a ɗaya, sauran biyun ƙadangaru. Yakan sayi ƙosai da safe ya ci rabi, ya ajiye rabin a kwano har ya bushe. Na taɓa shiga da rana tsaka na same shi ya kunna rediyo a ɗakin A'i, shi kuma yana zaune a nasa ɗakin, wai don a ji kamar da mutum a can. Wallahi ranar na tausaya masa, har na kasa tsokanarsa. Da kansa ya ce min, yana kallon ƙasa, “Hambali, ina so in ƙara jin muryarta a tsakar gidan nan kafin a fitar da ni.” Bai faɗi sunan ba, ni ma ban tambaya ba, na san 'yarsa yake nufi.

Sai bara na gano abin da yake yi a kai. Wata rana ya zo da gwangwanin da yake tara takardunsa, ya zaro wani ƙulli daban da aka ɗaure da zare. Yanki goma sha ɗaya ne, duk labarin rana ɗaya. Mansura tana da shekara tara, an kawo ta hutun Sallah, ta kuɓuce wa uwarta a hanya ta ruga gindin darbejiyar nan. Ya sa darbejiya ta faɗa: “Yarinya ta zo da gudu da sabon takalmi ta ce Baba. Mutumin da ke ƙarƙashina bai ɗaga kai ba. Bayan an tafi da ita ya daɗe da biro a hannu bai rubuta komai ba.” Ya sa mai ƙarar da ke tsugune ya faɗa: “Ana rubuta min takarda wata yarinya ta zo ta riƙe gefen tebur. Na ce, Malam, 'yarka ce? Ya ce, ina muka tsaya?” Akwai na masinjan kotu, akwai na mai sayar da rake, har da na takalmin.

Na ƙarshe da bakin Mansura ya rubuta shi: “Ina da shekara tara na gane ubana ba ya so na. Na nuna masa takalmina, ya nuna min ƙeya. Tun ranar na daina gudu in na hango shi.”

Ya ce shekara biyu ya yi kafin ya iya rubuta wannan. Ya tabbata nan ne ciwon yake, kuma in ta ga ya san abin da ya yi mata, za ta huce ta zo. Ya miƙo min. Na ce, “Au, ni ne A'in yanzu?” Ya ce ai taubashi ba ya ƙin aike. Na zage shi son raina, sannan na sa takardar a aljihu.

Na shiga motar Gwaram ranar Asabar. Mansura ta shimfiɗa min tabarma a zaure, ta kawo ruwa da fura, muka gaisa. Mace ce mai natsuwa, doguwa irin ubanta, har yadda take sunkuyar da kai nasa ne. Na ba ta takardar na ce saƙon babanta ne. Ta karanta sau biyu, ta ɗago tana dubana da mamaki.

“Baffa, wallahi ni ban ma tuna wannan ranar ba,” in ji ta. “Wane takalmi? Ai tun ina ƙarama Inna Sabuwa ta gaya min kunya ce, ta ce wanda aka fi so shi ake yi wa. Har alfahari nake yi wa ƙawayena. Ya dai ari bakina ya ci min albasa.”

Na ce to, in ba wannan ba ne, me ya hana ta zuwa? Sai ta shiga ciki ta ɗauko jan biron da take duba aikin ɗalibai da shi, ta juya takardar ta soma rubutu a ɗan filin da ya rage. Ba ta wuce yankin ba, ita ma. Ta ninke ta ba ni, idonta ya kaɗa, ta ce in gaishe da mutanen gida.

Ban yi niyyar karantawa ba, amma ni ba waliyyi ba ne. Kafin mota ta bar tasha na buɗe. Ta rubuta: “Uwata ta rasu ranar Talata. Kwana bakwai na zauna a ɗakinta. Mai faci ya yi min gaisuwa, mai ruwa ya yi min, har waɗanda ban sani ba. Mutum ɗaya ne ya rasa abin da na rasa, kuma kullum ina jin takunsa yana wuce ƙofar. Ran na takwas na ɗauki jakata.”

Innalillahi. Ni kaina ina wurin zaman makokin nan, ina ta karɓar gaisuwa a waje tare da shi, ban lura ba. Babu wanda ya lura, don a wurinmu ba abin lura ba ne.

Dabo ya karanta a tsaye a bakin shagona. Ya nemi benci da hannu ya zauna. Can ya ce, “Shekara biyar ina rubuta ranar da ba ita ba.” Ya tashi ya tafi ko sallama babu, kwana biyu ban gan shi ba. A na uku da sassafe ya zo da farar rigarsa ta Juma'a ya ce in rufe shago in raka shi Gwaram.

A hanya leɓensa na ta motsi kamar mai bitar hadda. Muka yi sallama, aka shigar da mu zaure. Mansura ta fito da mayafi, ta gan shi, ta durƙusa can nesa kusa da ƙofa ta ce, “Sannunku da zuwa.” Dabo ya kafa wa bango ido. Ya buɗe baki ya rufe, ya sake buɗewa, sannan ya juyo gare ni.

“Hambali, ka ce mata...”

Raina ya ɓaci nan take. Na ce, “Wallahi tallahi ba zan faɗa ba! Ka ari bakin saniya, ka ari na takalmi, nawa kam ba ka samu. Ga ta nan gabanka.” Na ɗauki takalmina na fita, na tsaya can gindin wata bishiya inda ba zan ji su ba.

Bai fi minti goma ba ya fito. Bai dube ni ba, ya miƙe hanyar tasha, na bi shi. Sai da mota ta fita gari, muna matse a kujerar baya, na kasa haƙuri.

“Ka faɗa?”

“Na faɗa. Na ce mata, ya haƙuri. Na ce Allah ya jiƙan A'i.”

“To alhamdulillahi! Me ta ce?”

“Ta ce, haƙuri da godiya, Allah ya ba da lada.”

“Shi ke nan? Ba ta ce za ta zo ba?”

Ya girgiza kai. Ya daɗe yana kallon gonaki ta taga.

“Yadda ake amsa wa kowane baƙo ta amsa min,” in ji shi. “Kuma ba ta yi kuskure ba, Hambali. Yau ne karo na farko da na yi mata magana.”