Wayoyi Biyar, Faifai Ɗaya

Shekara ashirin da biyu Mai Faifai ya yi a shago ɗaya, tsakanin mai aski da mai gyaran fanka. Da kaset ya fara. Kaset ya mutu, ya koma faifan dibidi. Aikinsa ke nan: a kawo masa bidiyo daga waya, daga kyamara, daga memori, kowanne da irin zubinsa, wani ya buɗe wani ya ƙi. Shi zai juya su su zama iri ɗaya, ya jera, ya zuba a faifai. Ba shi da yawan magana. Matarsa takan ce da kujerar shagon aka ɗaura masa aure, ita rakiya ta zo.

Yana da wata ɗabi'a mai ba mutane haushi. Ba ya yarda da faifai don kawai kwamfuta ta ce ya yi. Kwamfuta, in ji shi, ko shara aka ba ta za ta buɗe. Sai ya kai shagon Mai Aski, inda akwai wata tsohuwar na'urar kunna faifai da sai an mare ta take buɗe baki, ya bar faifan ya juya tun daga farko har ƙarshe. In ta karɓa, ko'ina zai yi.

"Ka zo duba lafiyar tsohuwar?" Mai Aski yakan ce.

"Ta fi ka aiki."

Wata safiya wata mata ta shigo da memori a ƙulle a bakin mayafi. Mijinta ɗan dako ne a wani babban sito. Masu gadin wurin sun ce kaya ne suka faɗo masa ya mutu. Abokan aikinsa biyar sun ɗauki abin da ya faru a wayoyinsu, suka tara mata a memorin, sannan kowa ya goge nasa don tsoro. Lauya ya ce kotu faifai kaɗai take iya kunnawa, kuma gobe ne zama.

"Yaya, wannan kaɗai ya rage mini," ta ce.

"Ki dawo da yamma."

Ɗaya daga cikin bidiyoyin a kwance yake, sai da ya tayar da shi. Ɗaya babu sauti. Ɗaya ya ƙi buɗewa, sai da ya juya shi sau uku. Ba a juya bidiyo ido rufe, don haka ya kalla. Mutum huɗu a kan mutum ɗaya. Bel, takalmi, ƙarfen kwance taya. Ya ga an kama kan mutumin ana buga shi da bayan mota, ya sake gani ta wani ɓangaren a waya ta biyu, ya sake gani a ta uku. A ta biyar ana jin ɗan dakon yana kiran mahaifiyarsa, daga nan ba a ƙara jin sa ba.

Ya zuba faifan farko, ya kai wa tsohuwar. Mai Aski ya kalli minti ɗaya, ya kashe talabijin, ya bar na'urar tana juyawa. Mai Faifai ya koma ya ɗora na biyu.

Da tsakar rana masu gadin suka zo, su uku. Ya gane babban tun daga ƙofa, don tun safe yake kallon fuskarsa.

"Baba, sannu da aiki. An ce an kawo maka fim."

 Babban ya zare memorin, ya sa a baki ya tauna, ya tofar. Ya ciro faifan daga kwamfuta ya ɓalle shi biyu. Na biyun ya ɗaga kwamfutar ya maka da ƙasa, ya bi ta da ƙarfe har cikinta ya watse. Na ukun ya tsaya a ƙofa da wuƙa, ya tare Mai Aski da mai gyaran fanka.

"Akwai wani faifan?" in ji babban.



Suka shimfiɗa hannunsa na dama a kan tebur. Ƙarfen ya sauka a kan yatsu biyu, ya ji ƙarar karyewarsu kafin zafin ya iso.

"Baba, kurma ne kai? Akwai wani?"

"Kun ga wani?" in ji Mai Faifai.

Suka ƙara masa. Suka zazzage akwatunan faifan bikin mutane, suka tattake, jini na ɗiga a kai. Babban ya leƙa shagon aski, ya ga talabijin a kashe, ya juya suka tafi.

Da yamma matar ta same shi zaune a bakin shagon, hannu a naɗe da tawul ɗin aski, leɓe a fashe. Ya ƙi tafiya asibiti sai ta zo. Ta dubi tarkacen, ta durƙusa, ko kuka ta kasa.

"Kai, aska," ya ce wa Mai Aski, "faifan ya kai ƙarshe?"

"Har ƙarshe. Ko sau ɗaya bai tsaya ba."

Mai Aski ya shiga ya mari tsohuwar, ta buɗe baki. Ya fito da faifan. Matar ta miƙo hannu biyu.

"Ba haka ba, ƙanwata," in ji Mai Faifai. "Ta gefe ake riƙewa. Kada yatsanki ya taɓa ƙasan."