Mai Tsintar Dakusassun Kibiyoyi

A rumfarsa ta ƙira a kasuwar Shuwarin, Malam Gwadabe yana satar kallon wata dattijuwar Bafulatana mai koɗaɗɗen zane, durƙushe gaban kibiyoyinsa. Duk babur ɗin da ya wuce sai ta zabura ta waiwaya.

Da tsinke take ture kibiyoyi masu kunne, don gudun dafi, tana tsintar dakusassu.

"Inna, waɗannan na koyo ne, buhun ƙaiƙayi ake harbi da su. Wa zai koya?"

"Ni."

Ya sake dubanta, yana tambayar kansa: Wace ruga ce ba sauran namijin da zai ja baka?

Ta miƙe, murya ƙasa-ƙasa: "Masu kunnen, ajiye min su. Kasuwa mai zuwa zan dawo, in muna nan."