Kogin Takarda na Kaka Tumba

Har yau idan na ɗora garin rogo a wuta don in dama abin manna takarda, ƙamshinsa yakan mayar da ni tsakar gidanmu na Gwandu, gindin murhun Kaka Tumba, mahaifiyar babanmu. Da an idar da sallar magariba an sauke tukunyar tuwo, sai ta ja ragowar garwashin gefe ta ɗora ɗan gwangwaninta. Mu jikokinta mu bakwai mu kewaye ta, kowa yana ture ɗan'uwansa don ya fi kusa da gwiwarta.

Kakannin mutane sukan yi tatsuniya suna kaɗi ko suna ɓarar gyaɗa. Tamu manne-manne take yi. Ba ta iya karatu ba, na boko ko na allo, amma ba ta iya wuce takarda a ƙasa. In ta ga mai rubutun larabci, sai ta kaɗe ta, ta soke ta a saman katanga inda ƙafa ba ta kaiwa. Sauran kuwa, takardar buhun siminti, kwalin sukari, bayan ashana, tsohuwar kalanda, jaridar da aka ƙunso mata ƙosai a ciki, duk sai ta zuba su cikin wani tsohon kumbo. Teloli sun san ta, suna tara mata ƙyallayen atamfa. Ba ta taɓa riƙe almakashi ba. Da farce take yaga, a hankali, har sai rago ko bishiya ko mace mai tulu ta fito daga cikin takardar, sannan ta shafa mata talgen rogo da ɗan yatsa ta danna a jikin kwali.

Ni take ce wa ƙawarta. "Matso nan, ƙawa, riƙe mini wutsiyar ragon ga, kada ki lashe mini talge. Na san halinki, kwaɗayi kamar na uwar miji."

"Kaka, ai ke ce uwar mijin gidan nan."

"To kin ga inda kinka gado shi ke nan."

Hotunanta duk takan rabar. Guda ɗaya ne kawai ba ta bayarwa, kuma ba ta gama shi ba sai da na girma. Babban kwali ne mai faɗin faifai biyu, yana rataye a bayan ƙofar ɗakinta. A jikinsa akwai mace tsaye, zanenta na shuɗin ƙyalle, bakin gaɓa na ƙaiƙayin shinkafa, da kwalekwale ƙarami na ɓawon kara can nesa. Tsakaninsu kogi ne, an yi shi da yagaggun gutsattsarin wata takarda mai kauri, launinta kamar na shayin da ya kwana, da dishi-dishin baƙi kamar inuwar gajimare a kan ruwa. Duk ranar da ta sauko da wannan kwali ta ɗora a cinya, mun san tatsuniyar da za mu ji.

"Ga ta nan tahe, ku ba ta wuri."

"Mun matsa, ta zauna!"

Wai an yi wata mata a bakin gulbi, mijinta ya shiga jirgi ya gangara, ya daɗe bai dawo ba. Ran nan tana wanki sai tarwaɗa ta ɗago kai da ganye a bakinta, an yi rubutu a jikinsa. Matar ba ta iya karatu ba. Ta kai wa balbela, balbela ta ce ita ba ta karatu sai a gaban taron tsuntsaye. Matar ta ji kunya ta wuce. Ta kai wa kwaɗo, kwaɗo ya ce zai karanta, amma shi duk abin da ya shiga kunnensa sai fadama ta ji shi kafin asuba. Ta wuce. Ta kai wa kada, kada ya ce idonsa ya yi rauni, ta matso da hannunta kusa da bakinsa. Ta ruga gida. Da ta rasa yadda za ta yi, sai ta jefa ganyen cikin ƙwaryar ruwa, rubutun ya narke, ta ɗaga ta shanye. Tana ajiye ƙwaryar sai ta ji muryar mijinta daga cikin cikinta.

A nan rikicin yake. Wata rana muryar takan ce, "Ina nan tahe kafin a yanki shinkafa." Mu yi ta tafi. Wata rana ta ce, "Ki ɗaure akuya, tana shiga gonar mutane." Mu fashe da dariya har ƙanena ya kusa faɗawa cikin toka. Wata rana kuma ta ce, "Kada ki jira ni." Ranar babu mai motsi. Akwai ma ranar da Kaka ta kawo daidai wurin sai ta koma shafa kogin da yatsanta, can ta ce, "Nan ta tsaya, mai son saura ya bi ta da gudu," ta kore mu.

Ni abin yana ɗaure mini kai. A makaranta an koya mana labari yana da farko da tsakiya da ƙarshe. Na ce, "Kaka, shekaranjiya ba haka kika ce ba."

Ta dafa ƙirjinta. "Shekaranjiya haka na ji ta. Yau kuma ga yadda na ji ta."

"To wanne ne na gaskiya?"

"Ke ƙawa, alƙali za ki aura?"

Da na kai shekara goma sha uku, na faɗa cikin littattafan soyayya da ake haya a bakin kasuwa. Ina ɓoye su cikin littafin lissafi, ina karantawa har idona ya yi ja. A cikinsu kowace wasiƙa tana da turare, kowace tana farawa da sunan da babu wanda ya sani sai masoya biyu. Wata yamma ina riƙe mata gwangwani, na tambaye ta ina ta samo takardar kogin, don ban taɓa ganin irinta a kumbonta ba.

Kaka ba ta taɓa faɗin sunan kakanmu ba, ko a bayan ransa. "Mai gidan ga ya aiko ta," in ji ta. "Shekarar da ya bi jiragen ruwan Sarkawa masunta da albasa, bai komo ba."

Ranar ban yi barci ba. Wasiƙa! Wasiƙar ƙarshe daga miji zuwa ga matarsa, a bayan ƙofar da nake wucewa kullum! Tunda ban ga rubutu a fuskar kogin ba, sai na yanke wa kaina hukunci cewa kife ta ta yi, rubutun yana ciki yana kallon kwali, dishi-dishin nan kuwa tawada ce ta ratso. Na yi shekaru ina rubuta wasiƙar nan a zuciyata. Na sa mata taurari, na sa mata hawaye, na sa kakana ya kira ta da sunaye masu daɗi waɗanda na tabbata mai fataucin albasa bai taɓa jin su ba.

Aure ya kawo ni Kalgo. Hannun Kaka kuma ya biyo ni, don yanzu sana'ata ke nan. Ina tara tsofaffin katunan biki, katin waya da aka kankare, ledar alewa, ƙyallen leshi da ɓawon kabewa, ina haɗa hotunan da amare ke ratayewa a falo. Da Allah ya yi wa Kaka rasuwa, aka zo rabon 'yan kayanta, babu wanda ya kalli kwalin sai ni. Na kawo shi ɗakina na rataye. Shekara biyu ina kallonsa yana kallona.

Na san abin da zai faru idan na taɓa shi. Talgen rogo da ya shekara talatin ba ya sakin takarda da daɗin rai. Ko dai in bar hoton Kaka yadda ta bar shi, ko in ji abin da kakana ya ce mata. Ba zan samu biyun ba. Wata ranar Laraba da hantsi, yara suna makaranta, na ɗora buta a wuta, na kara kwalin a bakin tururi, na sa tsinken tsintsiya na fara ɗagawa.

Gutsuren farko ya taso. Na juya shi. Babu komai. Na ce wataƙila gefen takardar ne. Na ɗaga na biyu, na uku, na goma. Tururi ya jiƙa ƙaiƙayin gaɓa ya fara zuba a cinyata. Kwalekwalen ya karye biyu. Zanen matar ya saki ya naɗe. Ban tsaya ba sai da na kwashe kogin kakaf, gutsure arba'in da ɗaya, na jera su a kan tire. Gaba da baya duk ɗaya ne: launin shayi da inuwar baƙi. Ko wasali ɗaya babu.

Na zauna ina kallon kwalin da na mayar kufai. Kaka ƙarya ta yi mini? Ko gara ce take cin tawada ta bar takarda? Ko ni ce ban ji daidai ba tun ina yarinya? Na rufe tiren da mayafi, na hau babur zuwa gidan Goggo Ige, yayar babanmu, wadda ita ma a nan Kalgo take aure, can wajen tasha.

Na same ta tana tsince shinkafa. Ta buɗe mayafin, ta dube ni, ta sake duban tiren.

"Mi kinka yi haka, ɗiyar nan?"

Na gaya mata, ina kuka kamar wadda aka yi wa duka.

"Lalle karatun littattafan nan ya yi miki aiki," in ji ta. "Sau nawa Inna ta ba ku tatsuniyar ga? Ko kunnuwan naki ma manna su anka yi?"

Sai ta ba ni labarin. Lokacin Goggo tana da shekara shida, babanmu yana goye. Matar wani mai jirgi ce ta kawo takardar a ƙulle cikin bakin zane, ta ce kakanmu ya ce a ba Kaka ita kaɗai, hannu da hannu. Masu karatun ajami a gidan kuwa su ne surukinta da yayyen mijinta. Ta yaya mace za ta tsuguna gaban surukinta ta ce ya karanta mata abin da ɗansa ya rubuto mata a asirce? In ta kai waje kuma, kafin la'asar unguwa ta ji. Sai ta ce bari ya dawo ya karanta mata da bakinsa. Bayan wata huɗu aka aiko cewa zazzaɓi ya ɗauke shi a can gangaren kogi.

"Ranar da ta fita takaba," in ji Goggo, "na gan ta ta ɗauko ƙwarya, ta sa ruwa, ta wanke takardar kamar yadda malam ke wanke allo. Ta ɗaga ta sha. Ta ba ni ragowar kurɓi ɗaya, ta ce in sha, maganar babana ce. Sannan ta shanya takardar a kan danga."

"To Goggo, me aka rubuta?"

"Ke wace iri ce? Na ce miki babu wanda ya karanta."

"Ke da kika kurɓa, me kika ji?"

Ta yi dariya har ta share ido da bakin ɗankwali. "Ɗacin gawayi da ƙaro. Tashi ki ba ni wuri, kin sa na zuba tsakuwa cikin wadda na tsince."

Na yi sati uku ina gyaran hoton. Na ɗaure kwalekwalen da zare, na sake zuba ƙaiƙayi, na miƙe zanen matar. Amma kogin bai koma yadda yake ba. Nata yana tafiya, kamar za ka sa hannu ka ji sanyi. Nawa a tsaye yake kamar tabki. Kuma da na gama, sai ga gutsure ɗaya ya rage a tire, na juya shi ta kowace fuska na rasa inda ya fito. Yana nan cikin kumbona.

Har yanzu ban san yadda zan ɗauki abin ba. Wani lokaci nakan ji haushin kunyar da ta hana ta jin maganar mijinta ta ƙarshe. Wani lokaci kuma nakan ce, da an karanta mata, da jimla ɗaya za ta samu, wataƙila ma zancen akuyar ne, ta ƙare ke nan. Da ta shanye ta, sai ta samu wasiƙar da ta yi shekara hamsin tana yi mata magana, kowace yamma da sabon abin da za ta ce. Ban sani ba ko wannan riba ce ko asara. Abin da na sani kawai shi ne, duk lokacin da muke dariyar akuya ko muke tafi, ita tambaya take yi a gabanmu, ba labari take ba mu ba. Ni kuma da nake ganin na fi kowa sanin soyayya, na zauna a gindinta ina neman ƙarshen gaskiya.

Yanzu in an yi magariba nakan sauko da kwalin in ɗora a cinya, yarana su kewaye ni. Jiya da na kawo wurin ƙwaryar, na ce muryar ta ce, "Na ga kogin da kika yi, ya yi kyau." Ƙaramar 'yata Nafisa ta ɓata fuska.

"Umma, rannan ba haka kika ce ba."

Na buɗe baki zan yi mata bayani, sai na ga hannuna ya riga ya kai ƙirjina.