Waƙa ta Huɗu a Faifan 'Yan Gwangwani

Duk ɗalibin da kewar tuwo ta taɓa kamawa a Alƙahira ya san Azara. Mutuniyar Damagaram ce. Ta biyo mijinta Malam Tanimu, wanda ya zo karatun shekara huɗu, ya ƙare da sayar da littattafai a unguwar Darrasa har ƙarshen ransa. Ita kuwa ta ɗora tukunya a hawa na uku na wani tsohon bene a unguwar Hadayek el-Maadi, kulolinta na tuwo da miyar kuka suna kaiwa har can unguwar Hay el-Sabi'. Ba ta da fara'ar banza, ba ta kuma bari baƙo ya fita da yunwa.

Abin da ɗaliban ba su sani ba shi ne, babu wanda ya kai Azara sanin tarihin wata ƙungiyar kiɗan pank, irin kiɗan nan na jita mai lantarki da ganguna da ihu kamar gobara ta tashi. 'Yan mata huɗu ne 'yan Sudan da ke zaune a samanta. Sunan ƙungiyar Mafish Kahraba, wato babu wuta, amma Azara 'Yan Gwangwani take ce musu. Malaz ce mai ihun, Sulafa mai ganguna. Faifai uku suka fitar, kuma dukkansu ta saman kanta suka bi.

Na farko a ɗakin kwanansu suka naɗe shi, sun jingina katifu a taga, wai don kada a dami maƙwabta. Ranar wata Juma'a ce bayan an sauko daga masallaci, Malam ya kishingiɗa zai ɗan runtsa, sai silin ya fara rawa. Ya yi haƙuri da waƙa uku. A ta huɗu ya zura takalmi ya haura, ya dinga dukan ƙofa. Shi kuwa in ransa ya ɓaci Larabcinsa guduwa yake yi.

"Ku ji tsoron Allah! Mutane na barci!" Da Hausa ya faɗa. Aka buɗe, ya ga masu aika-aikar, sai ya fashe da dariya, ya leƙa matakala. "Azara! Azara, zo ki ga ikon Allah, ashe mata ne! Kawo musu tuwo, duk sun bushe."

Na'ura na ɗauka, ba wanda ya kashe ta. 'Yan matan ba su ji ko kalma ɗaya ba, amma faɗan ya hau kan kiɗan daram, suka bar shi a ciki. Daga ranar suka zama 'yan gida, suna kiranta Khalti Azara, wato Inna Azara da Larabci, suna lashe mata kwano. Faifai na biyu a wani ɗakin naɗar sauti suka yi shi, ita ta yi musu dambun da suka tafi da shi. Na uku ya fito wata biyar bayan rasuwar Malam, ba ta ma saurare shi ba.

Malam mutum ne da bai yarda da saƙon murya ba, in yana da magana kira yake yi. 'Yan hotunan bidiyon da take da su kuma sun tafi tare da wayarta da aka zare a cikin mota. Saboda haka a duk faɗin duniya wuri ɗaya ne ya rage inda Malam ke kiran sunanta: waƙa ta huɗu. Sulafa ta taɓa nuna mata inda ake latsawa a intanet. Yadda ake tsallake farkon ne ba ta iya ba, kuma ba za ta tambaya ba. Kullum da hantsi, tana tuƙa tuwo, sai ta haƙura da minti biyu na ihun Malaz kafin a fara dukan ƙofa. Shekara huɗu tana haka, har ta haddace waƙar tas ba da sonta ba.

Wata Talata Malaz ta faɗo kicin da murna. Wani kamfani zai sake fitar da faifan farko, za a wanke sautin, a cire tsohon daga intanet.

"Khalas, shi ke nan, Khalti, duk hayaniyar nan ta cikin waƙa ta huɗu za a share ta. Mun daina ba ku kunya."

"Tamam, ya yi," in ji Azara, ta ci gaba da tuƙi. Ranar tuwon ya yi gudaji, abin da ba a taɓa gani ba.

To, ya za ta yi? Mace ce da ko sunan mijinta ba ta taɓa furtawa ba. Yanzu ta hau bene ta ce wa sa'o'in 'ya'yan cikinta tana kewar muryar namiji? Kwana biyu tana juyi. A na uku ta zuba dambu a kwano don ta sami dalilin hawa.

Ta tarar da su zagaye da kwamfuta. Ta ajiye kwanon, ta gyara mayafi.

"Waƙar nan ta huɗu, kada ku taɓa ta. Tana da daɗi."

Suka kwashe da dariya har Sulafa na riƙe ciki. Khalti da ke ce musu gwangwani! Ran Azara ya sosu. Ta buɗe baki ta rero musu waƙar tun daga farko, da ihun da komai, baiti bai kuɓuce mata ba. Da ta iso wurin da ake dukan ƙofa sai ta tsaya cak, ta kasa wucewa. Dariya ta ɗauke. Sulafa ta dube ta, ta dubi Malaz.

Bayan mako guda suka sauko su huɗu, suka karɓi wayarta. Malaz ta ce a sabon faifan ma an bar Ammu Tanimu, wato Baffa Tanimu, a wurinsa, amma wannan nata ne ita kaɗai. Mai gyaran sautin ya yi aikin a juye: ya kwashe jita da ganguna, ya bar Malam. Kuma ashe na'urar ta ci gaba da ɗauka bayan waƙar ta ƙare.

Aka latsa. Ga dukan ƙofa, ga faɗa, ga dariya, ga "Azara! Azara!" tangaram kamar yana matakala. Sai aka ji ya rage murya, Larabcinsa ya dawo, yana gaya wa 'yan matan:

"Ku ci ku ji. Duk Masar babu mai hannu irin na matata. Amma kada ku gaya mata."

Azara ta zauna a kan buhun gari. Dariya ta zo mata tare da hawaye.

"Kun ji mutumin nan? Shekara ashirin da biyu, kullum sai ya ce gishiri ya yi yawa."

Ta share ido da bakin zane, ta miƙa wa Sulafa wayar.

"Yalla, maza nuna mini inda ake maido shi baya."